Harsashi Mai Jinkiri

Bana shekara ashirin da biyar ke nan da rasuwar yayana Hamza. Jidda ta sauya har ba na gane wasu titunanta, amma azahar ɗin da abin ya same shi tana nan a kaina kamar jiya.

A unguwar Hindawiyya aka haife mu. Hamza ya girme ni da nisa, kuma tun da Baba ya rasu shi ya zame mini uba. Yana aiki a wani fili can bayan gari, inda masu gadin kamfanoni ke koyon harbi da ƙaramar bindiga. In an gama harbi sai ya tsince kwanson harsasan, ya wanke, ya sake ɗura musu albarushi, ya sa dalma, su koma sababbi. A gindin kowane kwanso akwai wani ɗan ƙarfe da bai kai ƙwayar wake ba, shi bindiga ke dokawa wuta ta tashi. Baba, wanda maharbi ne kafin ya zo hajji ya zauna, hula yake ce masa, Hamza ma haka ya taso yana faɗa.

Wata shekara irin hular da ya saba da ita ta yanke a gari. Kafilinsa, wato ubangidan da yake aiki a ƙarƙashinsa, ya samo wata, girma ɗaya, launi ɗaya, kwali ne kawai ya bambanta. Hamza ya gwada kaɗan, duk suka tashi lafiya, sai ya ɗura masu yawa.

Ba a jima ba ya dawo gida wata rana, mahaifiyarmu Ummi ta ajiye masa shinkafa bai ko kalle ta ba.

"Hamza, lafiya?"

"Ummi, harsasan nan jira suke yi," in ji shi. "Ka ja kunama, ka ji ƙas, shiru. Ka ɗauka ya mutu. Sai can ya tashi, kamar wani ne ya ce masa yanzu."

Ummi ta ce halas, shi ke nan, ya zubar da su a teku. Ya ce a cakuɗe suke da masu kyau, ido ba ya rarrabewa. Ya hana kowa taɓa su, ya shiga fitar da akwatunan ɗaya bayan ɗaya yana harbe su shi kaɗai da rana tsaka, lokacin da zafi ya kori kowa daga filin. A makonnin nan shi ma ya sauya. Ka yi masa magana sai ya yi shiru, ya daɗe yana kallonka, har ka fid da rai, sannan amsa ta fito. Matarsa Safiya ta ce mini tsoronsa take ji.

Ranar da abin ya faru muna zaune da Ummi bayan azahar. Muka ji ƙas a ƙofar ɗaki, sarai, mu biyu. Na buɗe, babu kowa a matattakala. Ummi ba ta tashi ba. Ta ɗaga mini hannu ta ce, "Tsaya." Muka tsaya, ban san me muke jira ba. Hatta motocin titi kamar an ɗauke su. Can sai ta dafe ƙirjinta ta yi salati. Kafin la'asar mai kantin da ke ƙasan benenmu ya hau ya ce ana neman mu a asibiti.

Harsashi ɗaya ne ya ƙi tashi. Hamza ya jira yadda ya saba, har ya ƙara, sannan ya juyo da bindigar don ya buɗe ta, sai harsashin ya tashi ya same shi. Daga baya wasu suka ce hular ba ta ƙaramar bindiga ba ce, wasu suka ce raɓar teku ce ta shige ta a sito. Ni dai abin da na ji a ƙofa na sani.

Bai rasu nan take ba. Da ya farfaɗo ya riƙe hannuna ya ce, "Rabi, akwati ɗaya ya fita kafin in gane. Ki ce su nemo shi." Maganarsa ta ƙarshe ke nan. Kafilin ya yi iyakar ƙoƙarinsa, ya bi kamfanoni yana tambaya, ba a same shi ba.

Yanzu gidaje masu bene sun cinye filin. Ɗansa Usama yana zaune a unguwar Madain Fahd, Larabcinsa ya fi Hausarsa, 'ya'yansa suna harbe-harbe a waya suna dariya. Da Hamza zai gan su, ina jin ba zai yi faɗa ba. Zai dai tsaya a kansu ya ce, "Ku yi a hankali, abin ba ya gaya muku lokacinsa."

Bai bar gida ba, bai bar hoto mai kyau ba. Abin da ya bari mutane ne: masu gadin da suka tsufa, suka aurar da 'ya'ya, ba su ma san wani ya tsaya a rana a madadinsu ba. Sai kuma akwatin nan. In na wuce mai gadi a ƙofar banki da bindiga a ƙugu, nakan yi masa sallama, in yi wa Hamza addu'a, in ƙara sauri.

Allah ya jiƙanka, Yaya. Ba mu same shi ba har yanzu.