Malama Ƙulu da Fararen Ƙofofi

Da an idar da sallar la'asar, Malama Ƙulu takan kashe injin fotokofi a shagonta da ke unguwar Awendjé, ta jawo benci bakin ƙofa. Ɗalibanta ba yara ba ne. Masu shara ne a ofisoshi, da masu gadi, da masinjoji, mutanen da suka yi furfura cikin takardu ba su san abin da ke cikinsu ba. Shekara da shekaru tana wannan aiki, ba wanda ya ɗora mata.

Ba ta fara wa kowa da littafi. Gaba take tasa su, su bi titi suna haɗa baƙaƙen allunan shaguna, don ta ce da manyan baƙaƙe ofis yake magana, kamar titi. Kuma ba ta karanta wa kowa. Ko hawaye za ka yi, da bakinka za ka haɗa.

A tambayi Hamadou, dattijon Damagaram mai aikin masinja a wani kamfani a unguwar Okala. Da launin ƙofa yake gane ofisoshi: shuɗiya ta akawu, koriya ta shugaba. Rana ɗaya aka mayar da su duka farare, aka manna wa kowacce suna. Ya dinga kai takardu inda bai kamata ba, har aka ce in bai gyara kafin ƙarshen wata ba, ya nemi wani aiki. Aikin nan kuwa shi ne abincin iyalinsa.

"Malama," in ji shi, "ki zana mini alamomi a tafin hannu kawai, in riƙa dubawa."

"Baba Hamadou, ran da aka sauya wa mutum ofis fa? Ka dawo in sake zane? Zauna."

Ya ji kunya, ya ji haushi, amma ya zauna. Ranar Asabar ta rufe shago, ta hau tasi har Okala, ta roƙi mai gadin kamfanin ya buɗe musu, ita da Hamadou. Mai gadin ya shaida cewa ƙofa-ƙofa suka bi, dattijo yana bin baƙi da yatsa yana gumi, ita tana tsaye ta harɗe hannu. Haka suka yi kowace Asabar. Wata ya ƙare, Hamadou yana bakin aikinsa.

Ke ce uwar masu jin kunyar tambaya, Malama. Ke ce kika ƙi tausayin da ke barin mutum cikin duhu. Yanzu idonki ya raunana, kina shirin komawa Kano, zukatanmu kuwa sun yi nauyi. Mun gode, Allah ya saka miki da alheri.

Mu da muka iya karatu a garin nan, kowannenmu yana da maƙwabci mai ɓoye rashin iyawarsa. Mu daina karɓe masa takarda. Mu zaunar da shi, mu yi haƙuri har ya karanta da kansa.