Ƙyallen da ke Cikin Takalmina

Ni ban taɓa son takalmin nan ba. Na saye shi ne don shi kaɗai kuɗina suka kai, a tulin gwanjon kasuwar Talata Mafara, inda ya yi makonni ba wanda ya taya. Baƙi ne, shafal kamar safa, ƙasansa roba siririya, kowane yatsa da ɗakinsa. Mai gwanjon ma da dariya ya miƙo mini.

Shekara ta biyu ke nan da 'yan bindiga suka koro mu daga ƙauyenmu Gidan Goga da kayan jikinmu. Gona ta tafi. Abin da ya rage mini ƙafa ce. Ina kora wa wani dillali shanu daga kara, kasuwar shanu, zuwa Bakura, wani lokaci Maradun, a ƙasa. Ga ciwon suga. Malamin asibiti ya faɗa mini ba ɓoye-ɓoye: kada in taka ƙasa ba takalmi, kada in bari ƙafata ta yi ko ƙwarzane. Ban nemi ƙarin bayani ba. Yayana da 'yar ƙaya ya fara, aka ƙare da yanke masa daga gwiwa.

Takalmin ya zauna mini daidai, wannan ba zan yi masa ƙarya ba. Amma a cikin na dama, daidai gindin ƙaramin yatsa, an ɗinke wani farin ƙyalle mai kaushi, cike da ƙananan rubutun Turanci. Na yi firamare zuwa aji huɗu, lambar da ke jiki kawai na gane. Na hagu ma da nasa ƙyallen, amma ya kwanta lafiya. Na dama ne ya tashi tsaye. Kafin mu isa Bakura ranar farko wurin ya yi jajur.

Na sa reza na yanke shi. Ashe na ƙara masa kaifi ne, gindin da ya rage ya zama kamar haƙoran zarto. Sai na yi abin da kowa a ƙauyenmu zai yi. In silifas ya tsinke, wuƙa muke sawa a garwashi mu liƙe shi. Na gasa wuƙar uwar yarana, na danna a kan gindin ƙyallen don ya kwanta. Ya yi ƙauri, ya narke, ya dunƙule ya zama ƙwallo mai tauri kamar tsakuwa. Na shafa da yatsa na ce wa kaina ai ya yi santsi. Ƙarya nake yi, kuma na sani.

Ba ni da wani takalmin. Na ce wa dillalin ya ba ni hutun mako ɗaya. Ya nuna mini mutane biyar zaune gindin bishiyar bedi, duk 'yan gudun hijira irina, ya ce, “In ba ka iyawa, faɗi.”

Na ce ina iyawa.

Mai suga ba ya jin zafi da wuri, muguntar abin ke nan. Na kai shanu Maradun na dawo ban ɗingisa ba. Sai da na zo alwala na ga takalmin ya ƙi fita. Jini ya liƙe shi.

Kwana uku ina ɗaure wurin da tsumma ina addu'a. Ran na huɗu na ɗauki takalmin na je mahauta wurin wani tsohon mahauci da muke gaisawa, gwanin fiɗa ne.

“A'a, ɗan Gidan Goga! Wane biri ka kashe ka tuɓe mai ƙafa?”

“Baba, bar wasa. Cire min wanga abu.”

Ya juya takalmin ciki ya koma waje, ya duba ƙwallon, ya dube ni. “Wa ya yi wanga aikin hauka?”

“Ni.”

“Na sani. So nike in ji da bakinka.”

Ya sa tsinin wuƙarsa ƙarƙashin zaren, ya riƙa tsinke ɗinkin ɗaya bayan ɗaya, kamar yana raba fata da nama. Ko minti biyar bai yi ba ƙyallen ya faɗo, da ƙwallon da komai, wurin ya yi sumul.

“Ba a yanka shi, warware shi akai. Da ka zo tun farko. To, sa mu gani.”

Na kwance tsumman. Ƙaramin yatsan ya yi baƙi, kuma ko a cikin warin mahauta nasa ya fita daban. Tsohon ya daina dariya. Ya ajiye wuƙar ya wanke hannu.

“Tashi mu tai asibiti.”

“Baba, gobe Talata, akwai kora.”

“Tashi, na ce.”

A asibiti na riƙe rigar likita kamar mahaukaci. Na ce ya ɗauki abin da zai ɗauka amma ya bar mini abin takawa, mutum bakwai ke ci a kan ƙafar nan. Bai yi mini alkawari ba. Ya ce sai ya buɗe ya gani.

Yatsan kaɗai ya ɗauka.

Korar kuwa wani daga gindin bedi ya samu tun a makon. Wata uku na yi kafin wani dillalin ya yarda ya gwada ni a hanyar Bakura, ita ce gajera. Takalmin nake sawa har yau, ba shi da sauran abin da ke cizo. Kowace safiya nakan tura auduga a ɗakin da ba kowa, don kada ya lanƙwashe ya kayar da ni a bayan shanu.