Ranar da na koya wa Yaya yabon kai

Na zauna Kumasi, na yi Jidda, na leƙa Tarabulus, amma sai a unguwar Tremont, can ƙasar Turawa, aka taɓa roƙona in koya wa mutum cika baki.

Maƙwabcina ne, Bakano, ya girme ni, Yaya nake ce masa. A wani kamfani yake aiki, inda ake shafa wa farantin gilashi wani ƙarfe mai sheƙi, kuromiyam, sannan a sako iskar gas ta cinye ƙarfen daidai inda ake so, zane ya fito. Shekara uku yana gwada haɗin gas har ya dace da wanda ba ya ɓata gefen zanen. Kamfani ya nemi takardar shaidar ƙirƙira da sunansa a kai. Hukumar da ke ba da takardar ta ƙi, wai duk mai wannan sana'a zai iya tunanin haɗin.

Lauyar kamfani ta tambaye shi ko ya sha wahala kafin ya gano. Yaya ya sunkuyar da kai ya ce ai ba komai, abu ne mai sauƙi, Allah ne ya kawo.

Matarsa ce ta ƙwanƙwasa mini ƙofa. "Alhaji, zo ka ji ɗan'uwanka. Ya je ya ba da shaida a kan kansa."

Na same shi a falo. "Yaya, an ce aikinka kowa zai iya, kai kuma ka ce haka ne?"

"To in ce me? In ce na fi kowa? Ba haka aka rene mu ba."

"Bar batun fin kowa. Faranti nawa ka lalata?"

Ya harare ni. "Wannan kuma tonon asiri ne."

"Shi lauya ke nema."

Washegari na raka shi wajen lauyar a jirgin ƙasa mai lamba D. A bakin ofis ya riƙe hannuna. "In na fara jin kunya, ka taka mini ƙafa."

Sau uku na taka. Ya lissafa haɗin da ya cinye gilashin, da wanda ya bar ƙarfen yadda yake, da lokacin da injiniyoyin kamfani suka ce ya haƙura, ba zai yiwu ba. Nan lauya ta ajiye biro ta dube shi. "Me ya hana ka faɗi wannan tun farko?"

"Ba kyau a kunyata manya," in ji Yaya.

Bayan watanni takardar ta fito da sunansa. Matarsa ta rataye ta a falo. Shi kuwa ya juya kujerarsa, yanzu baya yake ba ta.