Hannuna cikin aljihu

A kasuwar Malanbil ta ƙasar Benin na sayo wa ɗiyata jar motar wasa ta gwanjo, irin wadda yaro ke shiga ya taka ta tafi. Ɗoki ya rufe mini ido. Sai da na iso gida Gaya na tuna ƙafafunta ba sa taka komai tun zazzaɓin da ya kwantar da ita.

Gyaran rediyo ne sana'ata. Kwana uku na yi ina kwance wayoyi ina zagin kaina. Na raba abin takawar da batir, na sa ƙaramin inji mai juya tayoyin gaba, na haɗa su da telekomand, wato rimot. Sitiyarin ya koma ado.

Kullum da la'asar nakan zauna gindin mangwaro, hannuna cikin aljihu. In ta murɗa hagu, in kai ta hagu, ina yabon tuƙinta.

Wata rana ta saki sitiyarin, motar na ta tafiya. Ta dube ni ta ce, "Baba, na daɗe da sani. Ƙafafuna ne suka mutu, hannuwana lafiyarsu ƙalau. Me ya hana ka ba ni?"

Na ciro telekomand ɗin daga aljihu, na miƙa mata.