Hannun da Ba Ya Jin Wuta

Duk lokacin da ƙamshin turaren wuta ya bugi hancina, sai in ga kakata zaune gaban murhu a gidanmu na Wulari, tana juya itacen ƙamshi cikin narkakken sukari. Fatauci ne ya kawo kakana Maiduguri daga Kano. Ita kuwa a wajen matan Barebari ta koyi sana'ar, har ta kai amaren unguwarmu ba sa tarewa sai da turarenta.

Abin alfaharinmu shi ne hannunta. Tukunya na tafarfasa za ta sauke ta ba tsumma. In garwashi ya faɗo, da yatsu take mayar da shi. Maƙwabta suka ce ta sha maganin wuta, ni kuma da bakina ba ya rufuwa nake tara ƙawaye su zo kallo. Ita ma fa tana jin daɗin kirarin, ba zan ɓoye muku ba.

Wata bazara, gab da samun mulkin kai, kawuna malamin asibiti ya zo hutu. Da idonsa ya ga abin, amma bai yi dariya ba. Ya yago auduga, ya ce, "Inna, rufe idonki. Duk inda kika ji na taɓa, ki nuna."

Ya shafa goshinta, ta nuna. Ya shafa kafaɗa, ta nuna. Sai ya dawo tafin hannunta, ya shafa, ya sake shafawa. Ba ta nuna ba.

Ta ce, "To, ka ci gaba mana. Me kake jira?"

Ban taɓa ganin fuskar kawu haka ba. Ya durƙusa ya yi zane a ƙasa. Ya ce jijiyar da ke kai saƙo a jiki tarin 'yan ƙwayoyi ne da ido ba ya gani. Kowace tana da rassa masu karɓar saƙo, da doguwar jela mai miƙa shi ga ta gaba, kamar wayar tangaraho, har ya isa ƙwaƙwalwa, ita kuma ta aiko da umarni a janye hannu. Wayar kakata ta tsinke. Wuta tana cin ta, labarin ne ba ya isa. Sannan ya faɗi sunan cutar a hankali: kuturta.

"Wa zai sayi turaren kuturwa?" Abin da ta fara tambaya ke nan.

Ya ce ƙwayar magani za ta kashe cutar, amma jijiyar da ta mutu ba ta dawowa. In ta ci gaba da wasa da wuta, yatsun ne za su tafi.

Tana mita ta karɓi tsumma. Kowace safiya ta jiƙa hannuwanta, ta shafa mai, ta duba su yatsa bayan yatsa. Wasu masu saye sun gudu, da yawa sun dawo. Ni dai na daɗe ina jin kunyar kallon da na tara mata. Ta rasu da yatsunta goma, biyu ne kawai suka lanƙwashe.

Yanzu ana warkar da cutar tun kafin ta yi ɓarna, jikokina ko kuturu ba su taɓa gani ba. Kwanan baya ƙaramarsu ta taɓa butar shayi, ta fizge hannu tana tsala ihu. Uwarta ta rugo a guje, ta tarar da ni ina cewa Alhamdulillahi.