'Yar Kwalba da Rijiyar Marigayi

Ranar da Inna ta fita takaba, 'yar hayarta ce ta ɗaure mata karyayyiyar ƙafar tabarau da siririyar waya, har ta samu ta koma karatun Alƙur'aninta. Albarkacin wannan Inna ta haɗiye mata abin da ba za ta haɗiye wa ɗan cikinta ba.

'Yar Kwalba ake ce mata. Ɗiyar tela ce, ta yi karatu har ana kiranta dakta, amma ko maganin ciwon kai ba ta bayarwa. Aikinta a ɗakin binciken jami'a, wai haɗa wani tarko da ido ba ya gani, wanda ba zai kama komai ba sai gubar dalma. A shafa shi a takarda, a tsoma a ruwa, in da guba ta yi ja. Shekara da shekaru tarkon na cafke gishiri, gubar na wucewa abinta. Aikin ma na wa'adi ne, kullum tana neman a ƙara mata. Kan tagar ɗakinta kwalabe, ƙarƙashin gado kwalabe, har butar alwala sai da aka ɗebi ruwanta.

"Ɗiyata, ko kaza ce ai da ta ƙyanƙyashe."

"Inna, nawa ƙwan jimina ne."

Da tarkon ya tashi kamu, duk ruwan duniya bai ga na kamawa ba sai rijiyar tsakar gida, wadda marigayi ya haƙa da hannunsa, maƙwabta na ɗiba kyauta, ladan na isa gare shi. Yarinyar ta maimaita, ta kai wa na'urar jami'a, magana ɗaya. Ta ce daga shagon mai gyaran batir na bayan katanga abin ke tsiyayowa. Inna ta ce ita ruwanta garau yake, takarda ba za ta yanke wa mijinta lada ba. Gaisuwa ma sai da ta koma ciki-ciki.

Ana haka wa'adin ya ƙare, aka ɗauke ta aiki a wata ƙasa. Ta ɗaure kwalabenta, ta durƙusa a bakin ƙofa.

"Inna, ki yi ta fushi da ni, na yarda. Amma yaran maƙwabta ke sha. Don Allah ki rufe rijiyar nan."