Ƙwan Gauraka a Cikin Auduga

A Guri na tashi, a hannun kakata, Iya Falmata. In an idar da sallar isha'i takan zauna gaban wutar bandar kifi, mu jikoki mu kewaye ta. Iya ba ta yarda da baƙo mai yawan tambaya, ni ma halin da na gado ke nan.

Wata damina wasu mutane suka zo da akwatuna, suna neman inda gauraka ke yin ƙwai. Iya ta san wurin sarai, can muke ɗiban bado ni da ita, amma ta ce musu ba ta taɓa gani ba. Ranar ta yi mana wannan tatsuniya.

Wai wani baƙo ne ya je wa gauraka, ya ce ambaliya na tafe, ta kawo ƙwanta ya adana mata. Ta ba shi. Ya huda shi, ya tsiyaye abin ciki, ya kwantar da ɓawon a auduga. Duk shekara in ta je sai ya nuna mata, ga shi nan lafiya lau, ko tsagewa bai yi ba.

Na ce, "To Iya, ai bai yi ƙarya ba."

"Ina fa! Ya adana kam. Ke dai tambaye shi ina ɗan."

Abin da Iya ba ta sani ba, tun da hantsi na riga na nuna musu wurin. Alewa biyu suka ba ni. Har ta rasu na kasa faɗa mata, abin yana cin raina.

Bara na kai ɗalibaina wani gidan adana halittu. Wata ma'aikaciyar wurin ta jawo durowa, sai ga ƙwai jere a auduga, kowanne da 'yar huda da takardarsa. Biyu an rubuta musu Haɗeja. Na ce mata ai yankinmu ke nan. Ta ce da irin waɗannan ake gane inda tsuntsu ya taɓa zama, kuma bushewar fadama da masu kamawa su sayar ne suka ƙarar da gauraka, ba masu bincike ba. Ƙila gaskiyarta. Shi ma baƙon Iya ai gaskiya yake faɗa.

Sai ta ce, "Malama, tunda ke 'yar can ce, kin san inda suka rage?"

Akwai wani tafki bayan Baturiya, yayana masunci ya ga gauraka guda biyu a can. Ta riga ta buɗe biro tana jira. Na juya na ce wa yara su yi layi, direba zai tafi ya bar mu.